Kafin Ka Sayar Da Gonar Gwiwa

Assalamu alaikum, Habibu autana.

Ina gaishe ka gaisuwar uwa, wadda ba ta ƙarewa ko da ɗan yana zaune a gabanta. Allah Ya sa ka sauka Abuja lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na mutane, Ya haɗa ka da abokan aiki nagari, Ya sa wa wannan sabon aiki albarka.

Na san za ka yi mamakin tsintar wasiƙa a jakarka tsakanin ƙullin yaji da dambun nama, alhali jiya muna zaune a tabarma ɗaya. Laifinka ne. Duk lokacin da na ɗauko magana mai nauyi sai ka kama matsa mini ƙafa kana cewa Inna hedimasta ce har gobe, ni kuma dariya ta ƙwace mini, maganar ta bi iska. Takarda ba ta da ƙafar da za ka matsa, don haka ka nemi wuri ka zauna ka karanta.

Maganar gonar Gwiwa ce. Na san ka kusa gama shawara da zuciyarka. Kana so ka sayar wa Alhajin nan na Babura mai sayen riɗi gonar da ka gada daga babanka, ka sayi fuloti a bakin titi a nan Kazaure, ka tayar da bene mai sassa da yawa ka zuba 'yan haya. Na ga zanen a wayarka. Ya yi kyau, har da 'yan bishiyoyi a gaba da wata jar mota da ban san ta wa ba. Alhajin kuma ya ce yana jiran amsarka da zarar an kawar da amfanin bana. Gona taka ce, shari'a ta ba ka, ba ni da ikon hana ka. Abin da nake da shi kawai shi ne shekarun da na yi ina fama da gidan haya a garin nan na Kazaure, da kurakuran da na tafka a ciki. Ba na so ka je ka sayi kuskure da kuɗinka alhali ga nawa nan a kyauta.

Ka san ni ba a nan na tashi ba. Kakanka ɗan sanda ne, a bariki na yi wayo a Kaduna, inda ɗakuna suke jere suna kallon juna, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya, kowa yana jin ƙamshin miyar kowa. Aure ne ya kawo ni Kazaure. Da na sami rabona na gadon kakanka, na haɗa da ɗan abin da na tara a koyarwa, sai na sayi filin nan da ka sani na ce zan gina gidan haya. Abin da idona ya saba gani shi na gaya wa magini: ɗakuna ciki da falo a jere dama da hagu, tsakar gida ɗaya mai faɗi a tsakiya, makewayi a ƙarshe, zaure ɗaya a gaba. Ina ta murna cewa na rage kuɗin katanga.

Babanka, Allah Ya ji ƙansa, ya zo ranar da ake haƙa harsashi. Ya daɗe yana bin igiyar magini da ido, hannayensa a baya, sannan ya tambaye ni ƙofa nawa gidan zai yi. Na ce ɗaya mana, dā gida ƙofa nawa yake yi? Ya gyaɗa kai ya ce to Allah Ya sa albarka, ya hau kekensa. Ka san halinsa, sau ɗaya yake faɗin magana, kuma a siffar tambaya. Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina, ina ganin na zo wa mutanen Kazaure da wayewa.

Gidan ya cika da wuri, don lokacin ma'aikata suna ta zuwa garin, gidan haya kuma ya yi ƙaranci. Magidanta ne duka, kowa da iyalinsa. Ba a jima ba na fara lura da wani abu. Duk yamma idan na biyo ta wurin daga makaranta sai na tarar da mazan gidan a gindin darbejiyar waje, sun shimfiɗa tabarma, kamar masu jiran a buɗe asibiti. Na ɗauka hira ce ta haɗa su. Ashe shiga ce ta gagare su.

Ka duba yadda abin yake. Mace tana tsakar gida da ɗaurin ƙirji saboda zafi, tana daka ko tana wanki. Sai mijin maƙwabciyarta ya dawo daga aiki. Dole ya tsaya a zaure ya yi sallama, ya jira a kai saƙo, kowace ta saki abin da take yi ta nemi mayafi ko ta faɗa ɗaki, sannan a ce ya shigo. Ya wuce kansa a ƙasa kamar ɓarawo. Kafin matan su koma kan aikinsu wani ya sake yin sallama. Tuwo ya sha ƙonewa a gidan nan. Idan namiji ya fito zai kewaya sai an share masa hanya, idan yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana shan iska matan wasu sun zama fursunoni a ɗaki. A barikin da na tashi ba wanda ya damu da wannan, don kowa baƙo ne, kowa jiran canjin wurin aiki yake yi. A nan kuwa gida yana nufin wurin da iyalinka suke sakewa ba idon wani namiji a kansu.

Wanda ya fara kawo mini makulli shi ne Malam Isiyaku, mutumin Roni, malamin gona ne a ƙaramar hukuma, mutum mai kunya da kawaici. Ya durƙusa a zauren gidanmu ya ajiye makullin a gefen tabarma. Na tambaye shi ko wani abu aka yi masa.

Ya ce, "Hajiya, gidanki ba ya yoyo, kuma ba ki taɓa takura mini ba. Amma ni tun da na yi aure ban taɓa tsayawa a ƙofa ina jiran a ba ni izinin shiga wurin iyalina ba sai a nan."

Kunya ta kama ni. Ya koma wani tsohon gidan ƙasa a cikin gari, ba siminti ba wuta, amma ƙofarsa tasa ce. Sauran suka bi bayansa ɗaya bayan ɗaya. Dole na kira magini muka fasa bango, muka yanka tsakar gidan, kowane sashe ya sami ƙofarsa ta lungu da ɗan filinsa da makewayinsa. Ɗakuna biyu suka tafi a hanya. Babanka bai ce mini ai na gaya miki ba, sai dai ranar da aka gama ya zagaya gidan yana taɓa ƙofofin ɗaya bayan ɗaya yana murmushi, abin da ya fi magana ciwo. Amma tun daga ranar gidan bai ƙara daɗewa ba kowa ba. Wanda zai tashi shi yake kawo wanda zai maye gurbinsa.

To, autana, benenka matakala ɗaya gare shi. Na duba zanen da kyau, ba motar kawai na kalla ba. Matar da ke sama a ina za ta kafa turmi? A ina za ta shanya kuɓewa, a ina za ta ɗaure 'yar akuyarta, a ina za ta hura itace ranar da gas ya gagara? Tagogin saman kuma cikin gidajen maƙwabta suke leƙawa kai tsaye. Ka san ba za a kai ga yin fenti ba mai unguwa zai aiko a kira ka. Kuma ga wani abu da na lura da shi a garin nan: mutumin da yake da ƙarfin biyan hayar irin wannan gida, galibi ya riga ya gina nasa. Kafin ka yarda da zanen kowane injiniya, ka tura yayyenka mata su shiga gidajen haya su zauna da matan su ji abin da yake damunsu. Namiji ne yake biyan haya, amma mace ce take cewa a zauna ko a tashi.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce ai ba don magidanta kake ginawa ba, don ɗalibai ne da samarin ma'aikata da suke shigowa. Wannan ya kawo ni kan maganar Babura.

Kana ƙarami lokacin, ba lallai ka tuna ba. Kasuwa ta buɗe a bakin iyaka, hatsi yana fita, dabbobi suna shigowa, sefa tana yawo a hannun kowa har masu shayi. Na je biki can Babura na ga fatake daga Nijar da direbobi suna kwana a barandar shaguna saboda rashin masauki. Ido ya rufe mini. Na dawo na tattara abin da gidan Kazaure ya tara mini na sayi wani tsohon gida kusa da tasha, na yanyanka shi ƙananan ɗakuna, kowane daidai katifa da buta. Da farko kam abin ya yi daɗi. Har na fara ba wa malaman makarantarmu shawara a ofis, ina cewa kuɗi yana bakin iyaka su suna nan suna barci.

Rana ɗaya aka rufe boda. Ba ni aka tambaya ba, ba a kuma gaya mini ranar buɗewa ba. Fatake suka ɗauke ƙafa, direbobi suka koma wasu hanyoyi. Na nemi magidanta su shiga, amma wa zai kai matarsa ɗakin da ko tukunya ba ta da wurin zama? Nan na koyi cewa ɗakin da ba kowa ya fi wanda ake ciki saurin lalacewa. Gara ta ci ƙofofi, jemagu suka tare a silin, iskar farkon damina ta yaye kwano ba wanda ya gani sai da bango ya jiƙe. Duk zuwan da na yi sai na dawo da ciwon kai. A ƙarshe na sayar da shi a yadda aka taya, na yi godiya ma da aka taya.

Kuskurena shi ne na gina gida don mutum iri ɗaya, kuma mutumin da zamansa ya dogara da hukuncin da ake yankewa a wani wuri mai nisa. Ɗalibai ma haka suke. Makaranta tana tafiya hutu, tana shiga yajin aiki, wata rana ta gina nata ɗakunan kwana. Ma'aikaci kuma takarda ɗaya ce take ɗauke shi zuwa Dutse. Sannan abin da ka hango, kowa ya hango shi. Idan ka zo hutu ka ɗauki babur ka bi bayan babbar makarantar garin nan a hankali, ka dubi ɗakunan da aka jera a 'yan shekarun nan, ka dubi ƙofofin da kwaɗo ya yi tsatsa a jikinsu. Duk gidan da za ka gina, ka tambayi kanka: idan waɗanda na gina dominsu suka tafi, wa kuma zai iya zama a ciki? Sashe mai ƙofarsa da tsakar gidansa, malami zai shiga, ɗan kasuwa zai shiga, ango zai kai amaryarsa, ɗalibai ma za su haɗu su kama.

Kuma abin da ɗan haya yake nema yana canzawa a gaban idonka. Lokacin da na fara, tambayar farko ita ce ko akwai masallaci kusa. Daga baya ta koma ko unguwar tana samun wuta. Yanzu kafin mutum ya leƙa ɗaki sai ya tambayi ruwa, ko akwai burtsatse, ko akwai sola, sannan ya ɗaga wayarsa sama ya ga ko tana kamawa. Fulotin da kake so a gindin dutse yake. Ka tambayi masu haƙa rijiya abin da suka tarar a wannan layin kafin ka tambayi dillali komai, don dillali ko a kan fa ka nuna masa zai rantse maka akwai ruwa.

Kuskurena na uku shi ne wanda ya fi yi mini ciwo, kuma shi ya fi kama da abin da kake shirin yi. Bayan rasuwar babanka na ce bari in ƙara sashe a gidan hayar nan na Kazaure don ya taimaka mini da karatunku. Na yi lissafina tsaf, kamar yadda ka yi naka. Tsakanin harsashi da linta siminti ya tashi, kwano ya tashi, kuɗin mota ya tashi, magini ma ya ce shi ma shinkafa yake ci. Ga damina ta matso, ga gini ba rufi. Ina da shanu a wurin wasu Fulani a ƙasar Yankwashi, tun na sadakina da suka yi ta haihuwa. Na aika aka kai su kasuwa, na rufe ginin.

Ginin yana nan, ka san shi, yana kawo abin da yake kawowa. Amma kwano ba ya haihuwa, tsufa yake yi. Shanun da na sayar, yau ko rabinsu hayar sashen ba za ta mayar mini ba. Kuma ba wannan ne ya fi damuna ba. Akwai matar mai kiwon, Inna Wuro muke ce mata, wadda duk ranar kasuwa sai ta biyo da ƙwaryar nono da ɗan man shanu, ta zauna ta ba ni labarin wadda ta haihu da wadda ta yi ɗingishi, mu ci abinci, ta yi sallar azahar a ɗakina. Ita ta yi mini zaman jego lokacin da na haife ka. Bayan an sayar da shanun ta zo sau biyu ko uku, muka gaisa, muka rasa abin da za mu tattauna. Daga nan ta daina zuwa. Ba faɗa muka yi ba, abin da yake kawo ta ne ya ƙare. Sai bayan watanni na ji labarin rasuwarta a bakin wata mai tallan fura.

Ka bi titin Kano ka ga kangaye, rodi ya miƙe sama yana tsatsa, ciyawa ta fito a falo. Masu su ba wawaye ba ne, duk da lissafinsu suka fara. Bene ba a rabinsa. Kuɗin gonarka zai kai ka wurin zuba kankaren sama ya tsaya, daga nan sai albashi, albashin da ko na wata ɗaya ba ka karɓa ba tukuna. Ginin ƙasa kuwa kana iya gama sashe ɗaya ka sa mutum, hayarsa ta taya ka sayen bulon na biyu.

Saboda haka ga abin da nake ba ka. Filin nan na bayan gidan hayata, inda nake shuka kuɓewa, na bar maka shi. Na yi magana da yayyenka, sun yarda, za mu kira shaidu a rubuta don kada wata rana ya zama abin magana a tsakaninku. Akwai ruwa a wurin, unguwar ta san mu, kuma masu neman sashe a gidan sun fi sassan yawa. Ka fara da ɗaya daga albashinka, a hankali, da ƙofarsa. Ba zai yi kyan hoto kamar benenka ba, kuma ba wanda zai nuna shi daga mota ya ce na Habibu ne. Amma za ka yi barci. Idan ka sami ɗan haya mai gyara abin da ya lalace kafin ya gaya maka, ka riƙe shi da kyau, kada ka kore shi da ƙarin haya don ka ji maƙwabta sun ƙara. Ka riƙa duba rufi kafin ruwan farko. Surukai kuma ka taimake su da abin da za ka iya, amma kada ka ba su makulli.

Duk abin da na faɗa maka gaskiya ne, ko a gaban wa zan maimaita shi. Sai dai akwai sauran magana, kuma ita ce na kasa faɗa jiya.

Ina tsoro, Habibu. Tun kana sakandare gonar nan take dawo mini da kai. Ruwa ya sauka, ka zo shuka. Kaka ta yi, ka zo ku yi lissafin dami da Baffanka Ilu, ƙanin babanka da yake kula maka da ita, ka dawo mini da yamma fuska duk ƙura kana neman tuwo kamar wanda ya yi wata bai ci ba. Ko kana jami'a ba ka taɓa fashin wannan ba. Gidan haya ba ya kiran mai shi. Ejan mai karɓar haya za ka sa, ƙarshen shekara wayarka ta yi ƙara a Abuja, ka duba ka mayar aljihu. Ba za ka ƙi ni ba, na san ɗan da na haifa. Za ka riƙa bugo waya, za ka riƙa aiko da kuɗi, za ka ce sai Sallah, Sallah ta zo aiki ya riƙe ka. Ni kuma ba zan taɓa ce maka ka bar aikinka ka zo don kawai ina son ganinka ba, bakina ba zai iya ba. Amma ina iya cewa gero ya nuna.

Shekaranjiya Baffanka ya zo daga Gwiwa a kan babur. Ya ji maganar Alhajin a kasuwa, ba daga bakinka ba, kuma bai yi ƙorafi ba. Ya sha ruwa, sannan ya ce, "Hajiya, in ware irin baɗi, ko in haɗa duka a kai kasuwa?"

Na ce masa ya ware. Idan na yi gaggawa, kai za ka je har Gwiwa ka gaya masa da bakinka, ni ba zan iya ba.

Allah Ya yi maka zaɓin abin da ya fi alheri, Ya sa ka gama da duniya lafiya. Allah Ya tsare mini kai a inda idona ba ya kaiwa, Ya kare ka daga haram komai ƙanƙantarta, Ya dawo mini da kai da ƙafafunka. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka ci abinci, kada ka cinye dambun nan a rana ɗaya. Yayyenka suna gaishe ka. Na yafe maka duniya da lahira, ko ka sayar ko ba ka sayar ba.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Inna